Ciniki na tafiya, amma kaya na raguwa a kanta. Ina kuɗin ke shiga?

Mai Tireda, Taura:
Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a ƙauyenmu, kusa da Gujungu, shekara uku ke nan. Riɗi da bijimi guda na sayar na haɗa jarin naira 600,000. Duk sati biyu nake shiga Kano sari a kasuwar Singa. Ciniki alhamdu lillahi, a rana nakan tashi da 35,000 zuwa 40,000, ranar Lahadi da Gujungu ke ci har ya zarce. To amma da katan 10 na taliya nake ɗaukowa, yanzu 6 ma sai da ƙyar. Sukari da buhu nake saye, yanzu na koma rabi. Ƙanena ke zama in na tafi gona, kuma ban zarge shi ba. A littafin bashi akwai 140,000 a hannun mutane, yawanci sun ce sai kaka. Don Allah masu sana'a, ina ne ramin?

Dattijon Kanti, Wudil:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekarata 22 a bayan kanta, kuma ciwon nan na san shi. Kana sa farashi da kuɗin da ka saro jiya, alhali da kuɗin gobe za ka mayar da kayan. A ce katan ka saro shi 15,000, ka karkasa ka sayar ya tashi 16,500. Kai a ranka ka ci 1,500. Ka koma Singa ka tarar ya zama 17,000, ga mota da dako 300. Wato sai ka ciko 800 kafin katan ɗin ya dawo inda yake. Daga ina za ka ciko? Daga uwar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, amma 'yan tireda da yawa har yau ba sa ɗora shi a kan kaya.

Ni ko ba ranar sari ba nakan buga wa dilana waya in ji yadda aka kwana. In sukari ya motsa, ƙullina ya ragu a ranar, ko da tsohon buhu ne. Sannan ka daina ƙirga kuɗin durowa kana jin daɗi. Kaya za ka ƙirga. Ƙarshen wata ka rufe shago da wuri, ka lissafa komai da farashin sari na ranar. Dama in ka kai nisabi sai ka yi wannan ƙirgen don zakka, ɗaya bisa arba'in.

Maman Yara, Ringim:
Malam, ban ji ka ambaci cefane ba. Shagona a zaure yake, kuma abin da ya kusa karya ni hannuna ne. Maggi na ashirin, omo ƙulli ɗaya, taliya biyu don an yi baƙi, alewa ga yara. Wata guda na rubuta duka, na ga 28,000. Wallahi sai da na riƙe baki. Yanzu na yanka wa gida abin da zai ɗauka a sati, in ya ƙare ya ƙare. Shi ma ƙanenka ka yanka masa nasa a fili, kada ya riƙa ɗiba da kunya.

Ɗan POS, Gumel:
Yaya, ka manna takarda kawai: ba bashi. 140,000 ai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka ne. Kuma in mutum ya ce ya tura, kada ka yarda da hoton wayarsa, sai ka gani a taka. An taɓa cin ni 12,000 da alat na bogi.

Dattijon Kanti, Wudil:
Batun alat gaskiyarka, yaro, amma takardar nan ta birni ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ka hana omo a watan Agusta, shi ne zai shigo da kuɗin riɗi a Nuwamba, kuma ƙila surukinka ne. A yi wa kowane gida iyaka dai, a ce 5,000, ba ƙari sai an rage. Manyan kuwa ka bi su masussuka, ka karɓi gero ko riɗi da farashin kasuwar ranar, ba ƙwara.

Mai Tireda, Taura:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Daren jiya muka zauna da ƙanena da fitila muka ƙirga. Kaya sun tashi 390,000, a durowa 45,000, ga bashin 140,000. Jimla 575,000, ko jarin farko bai cika ba, balle abin da zai saya yanzu. Hajiya, kin gano ni, ban taɓa rubuta cefane ba. Sai dai 62,000 daga cikin bashin yana hannun kawuna ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Baba, shi wannan ta yaya ake binsa masussuka?