Birtaniya ko Amurka: a ina kamfanoni suka fi riƙe wuyan gwamnati?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum, manyanmu. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a fada wajen shayi. Wasu sun ce Amurka ta fi dimokuraɗiyya tunda can babu sarki, wasu kuma sun ce a Amurka kamfanoni ke mulki, ƴan siyasa ƴan amshin shata ne kawai. Don Allah wanda ya san abin ya warware mana: wa ke da iko a kowace ƙasa, kuma ta wace ƙofa kuɗin kamfani ke shiga?

Malam na Zango:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye maganar sarki gefe guda, Sarki Charles hannu kawai yake sakawa a doka, ba ya ƙin ta. Abin dubawa shi ne inda iko ya taru.

A Birtaniya ƙofa ɗaya ce. Majalisar wakilai kujera 650 gare ta, jam'iyyar da ta samu 326 ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama firaminista, ministocinsa kuma daga cikin majalisa yake ɗaukar su. Zagaye na biyu irin namu babu shi: wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa ya ci, ko da ratar ƙuri'a goma ce. Shi ya sa a zaɓen 2024 jam'iyyar Labour ta kwashe kujera 411 da kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ita kuwa Reform da kashi 14 ta tashi da kujera 5 kacal. Mai rinjaye irin wannan kusan duk dokar da ya kawo wucewa take. Majalisar dattawansu, wadda ba zaɓenta ake ba, iyakarta ta jinkirta doka kamar shekara guda, dokar kuɗi kuwa wata ɗaya. Kotun ƙoli ma ba ta da ikon soke dokar majalisa. Sai dai firaminista ba shi da tabbacin kujerarsa ko na mako ɗaya. A 1979 majalisa ta kayar da gwamnatin firaminista Callaghan da ƙuri'a 311 a kan 310, Liz Truss kuwa kwana 49 ta yi a 2022, ƴan jam'iyyarta suka juya mata baya.

Amurka an rarraba ikon ne da gangan. Shugaba wa'adinsa shekara 4, wakilai 435 shekara 2, dattawa 100 shekara 6, alƙalan kotun ƙoli 9 kuma sai mutuwa ko murabus. Doka sai ta bi majalisu biyun, a ta dattawa galibi sai mutum 60 sun yarda a rufe muhawara kafin a kai ga ƙuri'a, in shugaba ya ƙi sa hannu sai an samu kashi biyu cikin uku a kowace majalisa. Idan shugaba na jam'iyya ɗaya ne, majalisa na wata, abin yakan cije: daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 kwana 35 wani sashe na gwamnati ya yi a rufe don rashin kasafin kuɗi. Mu nan Damagaram ba baƙon abu ba ne, mun ga zaman doya da manja tsakanin Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou a 1995. Bambancin, su can sun saba da shi, kowa sai ya jira zaɓe na gaba.

Kuma ka gyara wa mutanen fadarku: ba kai tsaye jama'a ke zaɓen shugaban Amurka ba. Wakilan jihohi 538 ne, mai 270 ya ci. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyon 3, amma shi aka rantsar.

Hajiyar Garin Malam:

Malam ya yi shimfiɗa, bari in ɗora batun kuɗi a kai, don daga nan ya samo asali.

Ɗan majalisar Amurka da kansa yake nemo kuɗin kamfe, kuma kafin ya gamu da abokin hamayya sai ya ci zaɓen fidda gwani na cikin gida. Ga ɗan majalisar wakilai, duk shekara 2 haka. Tallar talabijin ita ke cinye kuɗin. A takarda dokar na da tsauri, tun 1907 an hana kamfani ba ɗan takarar tarayya kuɗi kai tsaye, mutum ɗaya kuma a zaɓen 2024 bai iya ba ɗan takara fiye da dalar Amurka 3,300 a kowane zagaye. Inda bango ya tsage shi ne hukuncin kotun ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 a kan 4, wanda ya ce kashe kuɗi wajen tallar siyasa faɗar albarkacin baki ne, ba a yi wa kamfani ko ƙungiyar ƙwadago iyaka muddin ba su haɗa baki da ɗan takarar ba. Daga nan aka samu kwamitocin da ake kira Super PAC, masu karɓar kuɗi ba adadi. Elon Musk shi kaɗai ya zuba fiye da dalar Amurka miliyon 250 a 2024. Hukumar da ya kamata ta binciki haɗa bakin mutum 6 ce, jam'iyya ɗaya ba ta wuce 3, hukunci kuma sai da ƙuri'a 4. Ka ga yadda ƙara kan mutu a teburi, uku nan uku can.

Bayan zaɓe sai kamun ƙafa, sana'a ce mai rajista a Washinton, fiye da dalar Amurka biliyon 4 ake kashewa a shekara. Misali mafi tsabta shi ne magani. Dokar 2003 da ta faɗaɗa inshorar lafiya ta tsofaffi ta hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani kan farashi. Billy Tauzin, ɗan majalisar da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen wucewar dokar, yana barin majalisa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin maganin. Sai 2022 aka fara sassauta wannan hani, shi ma ga magunguna ƙalilan.

A Birtaniya tallar siyasa ta kuɗi a rediyo da talabijin haramun ce, lokaci ake raba wa jam'iyyu kyauta. Daga rushe majalisa zuwa ranar zaɓe kwanakin aiki 25 ne. Ɗan takara fam 500 yake ajiyewa, wajen jika 350 zuwa 400 na sefa, a mayar masa in ya samu kashi 5 cikin ɗari. Jam'iyya kuma an ƙayyade mata fam 54,010 a kan kowace mazaɓar da ta tsaya. A wurina, in gardamar ta kuɗin zaɓe ce, Amurka ta yi nisan da Birtaniya ba ta ko hango ƙurarta.

Ɗan Birni:

Hajiya, to ke nan Birtaniya ta tsira daga kamfanoni?

Baban Sabon Gari:

Ina fa, yaro. Hajiya, a gafarce ni, an ƙayyade abin da jam'iyya za ta kashe, amma ba a ƙayyade abin da za a ba ta ba. Kamfani mai rajista a Birtaniya yana iya ba jam'iyya kuɗi kai tsaye ko nawa ne, abin da ko a Amurka haramun ne. Frank Hester da kamfaninsa sun ba jam'iyyar Conservative fam miliyon 10, alhali kamfanin na riƙe da kwangiloli na hukumar lafiya ta gwamnati. Labour kuma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka daɗe suna ciyar da ita, su ma ba don Allah ba.

Koma kan maganar Malam ta ƙofa ɗaya. A Amurka kamfani sai ya bi ƴan majalisa ɗai-ɗai, musamman shugabannin kwamitoci, shi ya sa abin ke da tsada, kuma ya fi sauƙi a kashe doka da a haife ta: dattawa 41 sun isa su tare hanya. A Birtaniya ɗan majalisa yadda masu tsawatarwar jam'iyya suka ce haka yake jefa ƙuri'a, sayensa asara ce. Kunnen minista ake nema, da lambar wayarsa. A 2021 aka gano tsohon firaminista David Cameron na ta aika wa ministan kuɗi Rishi Sunak saƙonni yana nema wa kamfanin Greensill, wanda yake yi wa aiki, tallafi, kuma bai karya dokar kamun ƙafa ta 2014 ba, don dokar ta shafi masu yin kamun ƙafa na haya ne kawai, ba ma'aikacin kamfani ba. Ga kuma ladan da Amurka ba ta da irinsa: firaminista na iya naɗa mutum majalisar dattawa har ƙarshen rayuwarsa. A 2020 Boris Johnson ya naɗa Peter Cruddas, babban mai ba jam'iyyarsa kuɗi, duk da hukumar tantancewa ta ba da shawarar kada a yi.

Sannan akwai abin da gwamnati ta sayar. Zamanin firaminista Thatcher an sayar da kamfanin tarho a 1984, na gas a 1986, ruwan famfo na Ingila da Wales a 1989. A Amurka, da ake wa kallon gidan ƴan jari-hujja, yawancin mutane ruwan hukumar gari suke sha. A lafiya kuma abin ya juye: Birtaniya tun 1948 asibiti kyauta ne daga haraji, Amurka kuwa mafi yawan ma'aikata ta hannun kamfanin inshora suke ganin likita.

Malam na Zango:

Baba ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya kan Truss da na ambata, tunda ya shafi tambayarka, ƙanena. Ba ƴan hamayya suka fara girgiza ta ba. Ranar 23 ga Satumba 2022 ministan kuɗinta ya sanar da rage haraji na wajen fam biliyon 45 ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba. Masu ba gwamnati bashi suka tsorata, darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwa ya hau, har babban bankin Ingila ya shiga sayen takardun bashin don kada asusun fansho su rushe. Ranar 14 ga Oktoba ta kori ministan, ranar 20 ta sanar da murabus.