Matrix da Hausa: jadawali, hatimi ko gidan dara?

Jama'a, kalma ɗaya nake nema. Ina koya wa 'yan aji biyu a wata jami'a nan Kaduna lissafi da manhajar kwamfuta ta MATLAB, ɗalibin da ba shi da lasisi kuma ya sauke makamanciyarta Octave tunda kyauta ce. Kalmar manhaja dai ta zauna daram, ba mai gardama. Matrix, wato lambobin da aka jera layi-layi a kwance da tsaye, ita ce ta ƙi samun suna da Hausa, ga shi ba a kauce mata, don sunan MATLAB ɗin ma daga jikinta aka yanko.

Asalinta Latin ne, mahaifa take nufi, Sylvester na Ingila ya shigo da ita lissafi a 1850. To wa zai tsaya gaban ɗalibai ya ce a ninka mahaifa biyu? Mun wuce wannan.

Jadawali na fara gwadawa. Ina faɗa, hankalinsu ya tafi kan jadawalin jarrabawa. Wani ɗalibi da ya yi allo sosai ya ce, "Malam, ai hatimi ne." Ya burge ni, don hatimin malamai gidaje ne da lambobi a ciki. Sai dai sunan ya riga ya yi nauyi a wani fagen, ban so na taɓa shi ba.

Ranar Talata muna ɗakin kwamfuta, na sa kowa ya buga 1 2 3, waƙafi mai ruwa, 4 5 6. Wata ɗaliba a baya ta leƙa abin da ya fito, ta ce wa ƙawarta, "Kin ga gidan dara." Nan na tsaya. Mai haƙa dara a ƙasa biyar sau shida yake yi, gurbi 30, kuma da matsayi yake sanin kowane gurbi: sahu na nawa, rami na nawa. Haka manhajar ke nemo lamba, ba ƙari ba ragi. Da na ce su ciro min gurbin sahu na biyu, rami na uku, kusan kowa ya kawo 6 ba tare da jan rubutun kuskure ya fito ba.

Ni dai na karɓi gidan dara, kowace lamba a cikinsa gurbi, na kwance kuma sahu, kamar na salla. Na tsayen ne har yanzu muke ce wa "na tsaye" kawai. Wani ya kawo ginshiƙi, ni kuwa gini nake ji a ciki. Malaman Hausa, me kuka gani?