Sisin gwal na gado: da nauyi za mu raba, ko sai an ba su maki?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu watanni huɗu da suka wuce, kuma cikin abin da ta bari akwai sisin gwal guda bakwai, biyu na sadakinta, sauran kuma ta riƙa sayowa ne da ɗai-ɗai a duk lokacin da Allah ya kai ta ƙasa mai tsarki. Shida na Ingila ne, masu hoton sarki ko sarauniya a fuska ɗaya da mahayin doki yana saran dodo a ɗaya fuskar, na bakwai kuwa na Saudiyya ne mai rubutun Larabci. Mai zinariyar da muka kai wa ya ɗora su a sikeli ya yi musu kuɗi ɗaya, ya ce gwal gwal ne. Sai dai ƙanena ya nuna mini a intanet irin waɗannan sulalla a cikin kwanson roba da aka liƙe, ɗauke da lamba kamar MS63 ko MS65, ana sayar da su a kan kuɗin da ya wuce na nauyinsu nesa ba kusa ba, kuma ya karanta cewa na shekarar 1917 ba a cika samunsa ba, alhali akwai na 1917 a cikin namu. Ina neman wanda ya sani ya fayyace mini abin da lambar nan take nufi, da ko ya dace mu goge su su yi haske mu aika a ba su maki kafin a raba gadon, domin ba na son a shiga haƙƙin kowa a cikin magada.

Mai Tara Sulalla:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. Ɗan'uwa, kafin komai ina roƙonka kada ka bari kowa ya goge su, ko da da tsumma mai laushi ne, balle toka ko man goge haƙori. Idan za ka taɓa su, ka riƙe su ta gefe.

Lambar da ka gani tana daga ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fitar a 1949, wanda ya fara daga 1 ya tsaya a 70. Sulen da ya sha hannu amma zanensa bai shafe ba yakan faɗa tsakanin 20 da 45. Wanda kawai saman gashin sarki ko ƙirjin mahayin ne ya ɗan side yakan sami AU, wato 50 zuwa 58. Daga 60 zuwa 70 kuwa MS ne, sulen da bai taɓa yawo a hannun mutane ba. Kamfanoni biyu ne kasuwa ta fi amincewa da hukuncinsu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Su ne suke tabbatar da cewa sulen na gaskiya ne, su ba shi maki, su liƙe shi a kwanson da ka gani, sannan su wallafa adadin sulallan kowace shekara da suka sami kowane maki. Wannan ƙidaya ita ce take motsa farashi, domin idan ɗaruruwa suka sami 63 amma 'yan ƙalilan ne suka kai 65, masu tarawa za su yi ta tsere a kan ƙalilan ɗin a wajen gwanjo, ko da mutumin da bai saba ba ba zai iya bambance su da ido ba.

Abin da ya sa na hana gogewa shi ne akwai wani sheƙi da ƙarfen bugu yake barin wa sule, wanda yake zagayawa kamar ƙafar keke idan ka juya shi a haske, kuma gogewa ɗaya tana kashe shi har abada ta bar siraran layuka. Irin wannan sule ba a ba shi lamba ko kaɗan, sai dai a rubuta a jikin kwanson cewa an wanke shi, daga nan kuma farashinsa ya koma kusa da na nauyinsa.

Game da na 1917 kuwa, ka samo gilashin da yake ƙara girman abu ka duba ƙasan da dokin yake takawa, daidai saman shekarar. Ba a Landan kaɗai aka buga su ba: harafin S na Sydney ne, M na Melbourne, P na Perth, C na Ottawa, SA na Pretoria, I kuma na Bombay, wadda a 1918 kaɗai ta buga. Wanda ba shi da harafi shi ne na Landan, kuma shi ne mai wuyar samu a 1917, saboda yawancinsu an tura su Amurka biyan bashin yaƙi aka narkar da su. Na Perth na wannan shekarar yana da yawa ƙwarai.

Maƙerin Zinariya:

Allah ya gafarta wa Hajiya. Alhaji Mai Tara Sulalla ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina akwai matakin da ya riga maki, wato tabbatar da cewa gidan buga kuɗi na hukuma ne ya buga su. Na shekara fiye da ashirin ina karɓar sisin gwal a shago, kuma da yawa daga waɗanda mahajjata suke sayowa kwaikwayo ne da maƙera suka yi don ado. Zinariya ce ta gaske a jikinsu, ba yaudara ba ce ta wannan fuskar, wasu ma za ka ga an buga musu ƙaramar lamba 21 mai nuna karat, sai dai mai tarawa ba zai ƙara ko kwabo a kan nauyinsu ba. Na asali nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, faɗinsa milimita 22 da ɗigo, tsantsar zinariyar da ke cikinsa kuma giram 7.32. Na Saudiyya ma a kan wannan nauyi aka yi shi. A auna kowanne shi kaɗai a sikelin lantarki mai nuna lambobi biyu bayan ɗigo, kada a tara su a auna gaba ɗaya.

Wajibi ne kuma in faɗi laifinmu mu masu sana'ar. Mun saba goga gefen zinariya a dutsen gwaji mu ɗiga ruwan asid, wasunmu ma har zarto suke sawa, kuma wannan yana lalata zare-zaren gefen sule. Haka nan mata sukan kawo a liƙa masa kunne a rataya a sarƙa, ko a ɗaure shi a zobe. Ko an cire kunnen daga baya, tabon wuta yana nan, masu ba da maki kuma suna gane shi nan take. Idan Hajiya ta taɓa sa waɗansu a wuya, waɗannan kam a raba su da nauyi, babu sauran magana.

Malama Mai Tarihi:

Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ina da ɗan saɓani da yadda ƙaninku ya fahimci lamarin, domin maki ba ya ƙirƙirar tsada inda babu ƙaranci. Sisin gwal mai shekarar 1925 na Landan misali ne mai kyau: an sake buga shi da wannan shekarar daga 1949 zuwa 1951, don haka sababbi fil suna da yawa, kuma maki mai kyau ba ya ɗaga shi sosai. Na Sarauniya Elizabeth na 1957 zuwa 1968 ma miliyoyi aka buga, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a karya kasuwar masu yin jabu a Italiya da Gabas ta Tsakiya.

A ɗaya ɓangaren, sulallan da suka yi tsada mafi girma tarihinsu ne ya kai su can. Sulen dala 20 na Amurka na 1933, wanda ya taɓa zama a hannun Sarki Faruk na Masar, an sayar da shi dala miliyan 18.9 a 2021 saboda shi kaɗai ne doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Sisin gwal na Sarki Edward na takwas na 1937, wanda bai fita ga jama'a ba saboda sarkin ya yi murabus, ya kai fam miliyan ɗaya a 2020. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne dinaren Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai rubutun da ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, wanda aka sayar fam miliyan 3.72 a Landan a 2019. Dinare ne mai nauyin giram huɗu da kwata, irin wanda muke lissafa nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki da shi, kuma da hannu aka buga shi, don haka ma'aunin Sheldon bai dace da shi sosai ba. Masana sun fi duba rubutunsa da shekararsa da jerin hannayen da ya bi.

A kuma tuna cewa maki hukuncin ɗan Adam ne. Akwai dillalan da suke fasa kwanso su sake aika sule guda sau da yawa suna fatan 64 ya koma 65, wani lokaci kuma ya koma, shi ya sa masu saye da suka ƙware suke duba sulen kansa kafin lambar.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na zauna da yayarmu da ƙanena muka duba su ɗaya bayan ɗaya. Na 1917 yana da harafin P, wato na Perth ɗin nan da Alhaji ya ce yana da yawa. Biyun sadaki na 1958 ne kuma dukansu suna da tabon kunne, ɗaya daga cikin na Makka yana da lamba 21 a ƙasan wuyan sarki. Amma akwai na 1918 mai harafin I, nauyinsa ya cika, kuma sheƙin nan mai zagayawa yana jikinsa. Shi ne ya kamata mu aika?

Mai Tara Sulalla:

Idan akwai wanda ya cancanci tafiya, to shi ne, domin masu tarawa suna neman na Bombay don cike jerin harufa, kuma sukan biya ƙari a kan nauyinsa duk da an buga kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Sai dai ka yi lissafi tukuna. NGC tana da ofis a Landan da Munich, PCGS kuma a Paris, kuma bayan kuɗin tantancewa akwai na aikawa da inshora da ka'idojin kwastan na fitar da zinariya, waɗanda suna iya cinye ƙarin idan sulen ya tsaya a 61 ko 62. Shawarata ita ce ka ɗauki hotonsa fuska biyu da gefe a hasken rana, ka kwatanta shi da waɗanda aka sayar kwanan nan a manyan gidajen gwanjo, ba farashin da masu talla suke nema ba. Sannan ku gaya wa malamin da zai raba gadon cewa wannan ɗaya yana da ƙimar da ta bambanta, mai lamba 21 kuma zinariyarsa ta gaza ta sauran, domin a yi wa kowanne kuɗinsa daban. Kafin lokacin, ka ware na Bombay a leda mai kauri shi kaɗai, kada ya riƙa gogar sauran a cikin adakar Hajiya.