Indiya: Daidai ne kotu ta riƙa cire surukai daga ƙarar matar ɗansu?

Barista: Jama'a, ga maganar da na ce zan kawo. A 1983 Indiya ta saka sashe na 498A a kundin laifuffukanta: miji ko danginsa da suka gallaza wa mace, ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tara. Ranar 1 ga Yuli 2024 sabon kundi, Bharatiya Nyaya Sanhita, ya fara aiki, laifin ya koma sashe na 85. Ikon babbar kotu na soke ƙara shi ma yana nan, ya tashi daga sashe na 482 zuwa na 528 a sabuwar dokar tafiyar da shari'a. Ni dai ina bayan alƙalan da ke soke ƙarar da aka jero dangi kaf, ba a ce ga abin da wane ya yi ba.

Hajiya: Barista, ban yarda ba. A can iyayen amarya ne ke kai wa gidan ango dukiya, kamar a ce gararmu ce ta zama bashi. Tun 1961 aka haramta, amma ko a 2023 mata sama da 6,000 ne suka mutu a kanta, a ƙididdigar hukumar tattara bayanan laifuffuka ta ƙasar. Galibi gida ɗaya amarya ke zaune da uwar miji. Wa kake zaton yake yi mata gorin kayan?

Ɗalibi: Hajiya, a yi haƙuri in sa baki, ina karatu a nan Haidarabad ta Indiya. A shari'ar Dara Lakshmi Narayana, Disamba 2024, cikin waɗanda aka yi ƙara har da dangin da ke zaune a wasu garuruwa daban. Kotun Ƙoli ta soke ta.

Hajiya: Ɗana, nisa ba ya hana zuga, akwai waya. Kuma macen da ta je caji ofis da kumburarriyar fuska, ita za a ce ta kawo rana da sa'a? Ɗan sanda ne ke rubuta bayanin. In ya yi sakaci, ita za ta biya?

Barista: Wannan kam kin taɓo gaskiya. Sai dai shari'a a can takan ci shekaru. Tsohuwar da ba ta ji ba ta gani ba, tana zaryar kotu, ai an riga an hukunta ta. Abin da ya sa a shari'ar Kahkashan Kausar ta 2022 kotu ta ƙi yarda da zargin jimla ke nan.

Hajiya: To ai tun 2014, a shari'ar Arnesh Kumar, aka hana 'yan sanda kame kai tsaye a irin wannan ƙara. Tunda ba a garƙame su, a bar bincike ya kammala mana kafin a cire sunan kowa. Ƙanwar miji da ke wani gari, na yarda a duba nata. Uwar miji da suke tukunya ɗaya kuwa, ta zo ta amsa tambaya gaban alƙali.