NOAA gyara ta yi ko maguɗi?

Malam Sani: Jama'a, raina a ɓace yake. Kullum ana cika mana kunne da ɗumamar teku, ashe a 2015 hukumar NOAA ta Amurka, mai nazarin teku da yanayi, ƙara kusan 0.12 na digiri ta yi a kan awon na'urorin da ke yawo a saman ruwa. Ɗumamar da aka ce ta lafa tun 1998 sai ga ta ta dawo. In ba maguɗi ba, mene ne wannan?

Hajiya Rabi: Malam, maguɗi kalma ce mai nauyi fa. Jiragen ruwa suna auna ruwan da suke zuƙowa don sanyaya inji, wurin kuwa da zafi, shi ya sa awonsu yake haura na na'urorin. Da na'urorin suka fi jirage yawa, lissafin ya rinjaya ƙasa. Daidaita mudu aka yi.

Ɗanladi: Hajiya, duk wanda ya taɓa lamba bayan an rubuta ta, maguɗi ya yi. Mun san irinsa a zaɓe.

Usman Apapa: Yaya Ɗanladi, ka taɓa ganin teku kuwa?

Ɗanladi: Don kana Legas shi ke nan ka zama masani? Kwantena kake lodi, ba ruwa kake aunawa ba.

Usman Apapa: Sana'ata ce, ba na jin kunyarta. Ka janye.

Hajiya Rabi: Ku saurara mana. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da guga ake ɗebo ruwan, wasu na tamfol ne, iska na bugun su ruwan ya huce kafin a tsoma ma'auni. Da aka gyara wannan, tsofaffin lambobin sama suka yi, jimillar ɗumamar ta ragu. Mai maguɗi zai rage wa kansa hujja? Kuma a 2017 wasu masana sun gwada da tauraron ɗan Adam da na'urorin Argo masu nutso cikin teku suna auna zafin ruwa, sakamakon ya yi daidai da na NOAA.

Malam Sani: Ai duk bakinsu ɗaya.

Ɗanladi: Ba zan janye ba, shi ya fara.

Shugaban zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta, kowa ya yarda an taɓa lambobin, Hajiya ma ba ta musa ba. Malam Sani yana da gaskiya. Usman, ka ba yayanka haƙuri. Na rufe.