Neman shawara: yaya ake cinikin sabuwar Hilux a gidan mota?

Manomin Saminaka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina noman masara da waken suya, kuma bana Allah Ya hore mini zan sayi akori-kura sabuwa dal, wadda ba a taɓa hawa ba, don kai taki gona da fito da amfani. Hilux mai ƙofa huɗu nake so. Na zaga gidajen mota a Kaduna da Abuja, kowa da kuɗin da ya yanka mini. Tsakanin mai tsada da mai sauƙi akwai kusan naira miliyan 6, alhali a idona mota ɗaya ce. Wani gida sun ce tasu ba a tayawa, kamfani ne ya ƙayyade. Wani kuma ya ce in ajiye kafin alƙalami yau, don gobe dala za ta tashi. Cinikin hatsi da na shanu na saba da shi, amma wannan sabo ne a wurina. Ana ragi a sabuwar mota kuwa? Ta ina zan fara?

Tsohon Dillali, Kano:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya sanya alheri. Ana ragi, kada kowa ya ce maka ba a yi. Amma ka dakata da maganar ragi tukuna, domin miliyan shidan nan da ka gani ina kyautata zaton ba mota ɗaya aka nuna maka ba. Hilux suna ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai mai injin fetur 2.7, akwai mai gas (dizal) 2.4 da 2.8, akwai mai giyar hannu da otomatik, akwai mai jan ƙafa huɗu da mai jan ƙafa biyu. Sannan akwai wadda ta shigo ta hannun wakilan Toyota na Najeriya, da wadda 'yan kasuwa suka yi odarta daga Dubai. Duk sababbi ne, amma garanti da kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ka zauna ka rubuta abin da kake so a takarda: inji, giya, jan ƙafa, shekara. Wannan takardar za ka kai kowane gida, ka ce su ba ka farashi a rubuce, a takarda mai hatimin kamfani da lambar shasin motar. Ka ce kuɗin ƙarshe kake so, wanda in ka biya za ka karɓi makulli ka fita: harajin VAT na kashi 7.5 a ciki, kuɗin lamba a ciki, kuɗin kawo ta daga Legas in akwai, shi ma a ciki. Da yawa ana rage maka a baki, sai ka zo biya a mayar da abin da aka rage ta waɗannan ƙofofin.

In takardu uku suka shiga hannunka, ciniki ya fara. Ka koma gidan da ka fi natsuwa da shi, ka nemi manaja. Yaron da ya tare ka a bakin ƙofa ba shi da ikon sallamawa, shi ya sa yake ce maka kamfani ne ya ƙayyade. Ka ajiye wa manajan takardar da ta fi sauƙi, ka taya ƙasa da ita kaɗan, ka yi shiru. In ya ce albarka, ka yi godiya, ka bar lambar wayarka, ka tafi gida. Mota tana cin kuɗi a tsaye, musamman in da bashin banki aka kawo ta, don haka zuwa ƙarshen wata sau da yawa su za su neme ka.

Abu ɗaya kuma, ni da na yi sana'ar nake gaya maka: kada ka shiga da rakiyar mutum uku huɗu da ba ka san matsayinsu ba. Duk wanda ya ce shi ya kawo ka yana da la'ada, kuma daga aljihunka za ta fita ko ba ka gani ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Baba ya gama magana kan kuɗi. Ni kan jikin motar zan tsaya, saboda leda a kujera ba ita ke nuna sabunta ba. Samfurin Hilux da aka fara a 2015 an daɗe ana yin sa, gangar jikin kusan ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar ta shekarun baya a canza mata fuska da fitilu, a fesa fenti, ta fito kamar ta bana. Irinsu suna shigowa garejinmu.

Ka durƙusa ka duba taya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1523, an yi tayar a mako na 15 na 2023. Ka duba duka har da safaya, su yi kusa da juna. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙasa, yawanci akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka mai ɗauke da shekarar da aka yi shi. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ƙirar Tailan tana farawa da MR0, ta Afirka ta Kudu da AHT. Wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi ta zama daidai da ta takarda, kuma ka shafa wurin da yatsa ka ji ko an goge ko an yi walda.

In sabuwa ce da gaske amma ta shekara a ajiye, ba aibi ba ne, sai dai hujja ce a hannunka. Ka ce a rage, ko a canza batir da baƙin mai kafin ka ɗauka.

Ma'aikacin fiton kaya, Apapa:
Alhaji, wadda ta fi sauƙin nan ita nake jin tsoro. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata cikakken kuɗin kwastam ba dole ta fi araha. Ka karɓi kwafin takardun fitonta, ka kai ofishin kwastam da ƙafarka a duba lambar shasin kafin ka biya ko sisi. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka ba. In aka tare ka a hanyar Kaduna zuwa Kano aka ga duti bai cika ba, kai za a riƙe wa mota, ba wanda ya sayar maka ba.

Hajiya mai shinkafa, Kura:
Ƙanena, maganar dala ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje yake bin canji. Amma motar da ke tsaye a gabanka an riga an biya kuɗinta, ba gobe za a sayo ta ba. Ka ce su rubuta kwana nawa farashin zai tsaya. Kafin alƙalami kuwa kada ka bayar sai an rubuta lambar shasin motar a rasit, da ranar da za a miƙa ta, da cewa za a mayar maka da kuɗinka in ba a cika ba. Kuma asusun kamfani za ka tura wa, ban da na wani ma'aikaci komai kirkinsa.

Lokacin da na sayi tawa ta kai kaya injin casa, sun ƙi sauka daga inda suka tsaya. Sai na bar kuɗin na koma kan kaya: shimfiɗar roba ta bodi, na'urar bin sawu saboda ɓarayi, da sabis na farko kyauta. Duk suka yarda, domin su a sari suke samu. In da ni zan saya a waje, kuɗi ne mai kauri.

Direban kamfani, Kaduna:
Ni dai ban ga dalilin da zai sa a liƙe wa Hilux ba. Akwai Mitsubishi L200, akwai Isuzu D-Max, ga Peugeot Landtrek da kamfanin Dangote ke haɗawa nan Kaduna. Don aikin gona duk za su yi, kuma sunan Toyota kaɗai yana ƙara kuɗi.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Gaskiya ne yayana, motoci ne masu kyau. Amma mutumin nan ƙauye zai shiga da damina. In wani abu ya lalace, kayan Hilux ko a Panteka ko a nan wurinmu zai samu a ranar, kuma ba garin da babu wanda ya iya taɓa ta. Ranar sayarwa ma ta fi riƙe daraja. Sai dai na yarda ya karɓo farashin L200 a rubuce ya riƙe, manaja ya san yana da wurin zuwa.

Manomin Saminaka:
Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na kira gidajen biyu na tambaya kamar yadda Baba ya ce. Ashe mai tsadar gas ce 2.4 mai jan ƙafa huɗu daga wakilin kamfani, mai sauƙin kuma fetur ce odar Dubai. Saura tambaya ɗaya: kuɗina zai ɗan gaza in na zaɓi mai gas ɗin, kuma ba na son bashin ruwa. In gaya musu ta banki zan cika?

Tsohon Dillali, Kano:
Kada ka faɗa da wuri, Alhaji. Ka gama cinikin motar, a rubuta kuɗin ƙarshe, sannan ka kai takardar bankin da ba ya ruwa, irin Jaiz ko TAJ. A tsarin murabaha su ne za su saye ta su sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, don haka duk abin da ka rage a gidan mota ya ragu a bashinka. Ka lissafa inshora ma, domin za su nemi cikakkiya, kuma tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kada ta gaza kashi 5 na darajar mota a shekara.

Ga hanyoyin gonarku, jan ƙafa huɗu ya zama dole. Wakilan kamfani ma suna kawo mai fetur 2.7 da jan ƙafa huɗu da giyar hannu, ka tambayi kuɗinta kafin ka je banki, wataƙila abin hannunka ya isa. Garantin kuma a rubuta maka shekara nawa ne, kilomita nawa, da garejin da za ka riƙa kai ta a Kaduna.