Rimot ya yi aiki ranar gwaji, bayan kwana uku ya birkice: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Mai haɗa na'urorin zauren taro, Kano:
Assalamu alaikum. Watan jiya na haɗa wani zauren taro: majigi ɗaya, talabijin biyu, amfilifaya da esi uku, duk na ɗora su kan akwatin sarrafawa guda, a danna "fara taro" komai ya tashi. Rimot ɗin kowace na'ura na ɗauko na koya wa akwatin lambobinsa na infrared, wato hasken nan da ido ba ya gani wanda rimot ke aika umarni da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ranar gwaji lafiya lau. Kwana uku sai ga waya: an ɗauke wuta ana tsakiyar taro, aka tayar da janareta, da suka danna sai talabijin ɗaya ya kunnu, ɗayan kuma ya mutu. Abin ya dame ni ƙwarai, don sunana ne a jikin aikin. Wanda ya taɓa shan irin wannan ya taimaka.

Tsohon mai gyaran talabijin, Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Akwatinka makaho ne, magana kawai yake jefawa, ba ya jin amsa. Maɓallin wutar da ka koya masa ba "kunna" yake cewa ba, "juya" yake cewa: in a kashe take ta tashi, in a kunne take ta mutu. Da wuta ta dawo, talabijin ɗaya ya tashi da kansa, ɗayan ya kwanta, kai kuma ka aika musu umarni iri ɗaya. Ni ma a wani otal na sha wannan, sau huɗu ina komawa kafin na gane.

Maganinsa ka nemi lambar kunnawa daban da ta kashewa daban. Talabijin da yawa suna jin su ko da babu maɓallinsu a jikin rimot. Yawanci a tsarin Pronto ake samunsu, dogon layin lambobi mai farawa da 0000. In ka ga 006D ya biyo baya, to na kilohaz 38 ne, wato saurin ƙyaftawar hasken rimot ɗin ke nan. Haka ma zaɓen mashiga: kada ka koya masa "na gaba", nemo ta HDMI 1 kai tsaye. In kuwa akwai ramin RS-232, wato wurin soka wayar sarrafawa, a bayan na'urar, ka ajiye infrared gefe ka ja waya, domin ta nan kana tambaya ta ba ka amsa.

Ɗalibar injiniya, Bauchi:
Baba ya yi gaskiya. Nawa daban ne. Na koya wa Arduino, wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta, maɓallin ƙara murya, dannawar farko ta yi, ta biyu shiru. Mako guda ina canza waya da batir. Ashe rimot ɗin na tsarin RC-5 ne na Philips, mai kilohaz 36, kuma cikin ɗigo 14 (bit, wato sifili ko ɗaya) da yake aikawa akwai ɗaya da ke sauyawa duk sanda aka saki maɓalli aka sake dannawa. Ni fuska ɗaya na kwafa, sai na'urar ta ɗauka har yanzu yatsana na kan maɓallin. Da na kwafi fuskokin biyu ina musanya su, shi ke nan.

Mai gidan kallon ƙwallo, Kaduna:
Ni ba injiniya ba ne, amma na ga abu. Dikoda uku iri ɗaya gare ni a kanta ɗaya. Yaron da ya haɗa mana ya manna wa kowacce ɗan ƙwan nan mai aika haske, amma in ka canza tasha a ɗaya sai duk ukun su canza. Ranar wasa biyu a lokaci guda, gida cike, mutane suka tashi da hayaniya, wasu har kuɗinsu na mayar. Washegari ya zo da baƙin salatif, ya haska gaban dikoda da tocila har ya gano daidai inda idonta yake, ya manna ƙwan a kai ya rufe ruf. Shekara biyu ke nan ban sake jin kansu ba. Shi ya koya min duba ƙwan da kyamarar waya: in yana aiki za ka ga yana ƙyafta haske ruwan hoda.

Mai sa esi, Sakkwato:
Oga, esi ɗinka uku ma ka kula da su. Rimot ɗin esi ba "ƙara sanyi" yake aikawa ba, duk abin da ke fuskarsa yake turawa a dunƙule: digiri nawa, ƙarfin fanka, yanayin aiki. Saƙon dogo ne, sau da yawa ya haura ɗigo 100, wani akwatin ma yankewa yake yi. Ni nakan saita rimot a 24 da fanka tsaka-tsaki in kwafa, in sake a 20 in kwafa, sai ta kashewa. Uku sun isa zaure. Kuma kada ka yi koyarwar kusa da taga ko ƙarƙashin dogon ƙwan fitila. Hasken rana ya taɓa lalata min aikin yini guda.

Tsohon mai gyaran talabijin, Zariya:
Na manta ɗaya. Wajen koyarwa taɓa maɓallin ka saki, kada ka danne. Rimot mai tsarin NEC sau ɗaya yake faɗin saƙonsa, sauran duk "maimaita" ne, in akwatin ya kama wutsiyar kawai ba abin da zai motsa. Na Sony kuwa, mai kilohaz 40, sai ka sa a aika sau uku a jere.

Mai haɗa na'urorin zauren taro, Kano:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Jiya na koma. Talabijin biyun sun karɓi lambobin kunnawa da kashewa daban, majigin na mayar da shi kan RS-232. Na sa mai gadi ya kashe babban layin wuta sau biyar muna gwadawa, kowane karo suka tashi tare. Amfilifayar ce kaɗai ban samo mata ba tukuna, na bar ta a kunne na cire ta daga jerin. Ranar Asabar zan sake kwafar na esi da daddare, labule a sauke.